Yadda ake zubin bindigar wasan kwaikwayo

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Muna da ƙungiyar wasan kwaikwayo a unguwarmu nan Gadarif a Sudan, muna shirya wasa kan zamanin Mahdi, kuma muna buƙatar bindigogi kamar goma irin na da. Kafinta ya sassaƙa mana biyu, kowacce ta fito da kamanninta daban, kuɗin ma ya fi ƙarfinmu. An ce ana iya zubinsu a mazubi. Wani dattijo yana da tsohuwar bindiga ta gado, ya ce zai ara mana mu ɗauki siffarta. Ta ina za mu fara?
Ɗanka, daga Gadarif

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Ka je ka yi wa dattijon nan godiya, ka bar masa bindigarsa inda take. Tsohuwar bindiga tana iya kwana shekara da shekaru da harsashi a cikinta ba wanda ya sani. Silikon da ake yin mazubi da shi kuma yana shiga kowane lungu, in ya daskare a cikin kunama ba ya fita sai an kwance ta. Ga yaƙin da ya ɓarke a ƙasar nan a Afrilun 2023, wanda ba sai na faɗa maka ba. Abin da za ka roƙa a wurinsa shi ne hoto ta gefe biyu, da awon tsayi da na kauri.

Wace bindiga ma kuke so? In mutanen Mahdi ne za su riƙe, Remington ce. Ita sojojin Masar suke ɗauka a lokacin, kuma Ansar, wato mabiya Mahdi, sun kwashi dubbai bayan sun gama da rundunar Hicks Pasha a Shaikan, kusa da Al-Ubayyid, a Nuwamban 1883. In kuwa yaƙin Karari, kusa da Omdurman, za ku nuna, ranar 2 ga Satumba 1898, sojojin Ingila Lee-Metford suka riƙe, na Masar da na Sudan da ke tare da su kuma Martini-Henry. Ni da ni ne, goma ta yi yawa. Yawancin Ansar mashi da takobi ne a hannunsu, bindiga ta jihadiyya ce, wato rundunar 'yan bindigar Mahdi. Huɗu ko biyar sun ishe ku, ragowar kuɗin ku kai wa maƙeri da tela.

Aikin kafintan nan bai ɓaci ba. Zaɓi wadda ta fi kyau cikin biyun, ita ce uwa. Gyara ta da hoton a gabanka, tsayinta ya kai kamar mita ɗaya da kwata. Cike ramuka, goge da sanfefa har sai yatsa ya daina jin kaushi, sannan ka shafe ta da fenti ya bushe. Duk tabon da ka bari a jikin uwa zai fito a jikin 'ya'yanta duka. Yanke ta gida biyu, gindi da wurin kunama daban, dogon hancin daban, don mazubi mai tsawon mita yana cin silikon kuma yana lanƙwashewa.

A nan ne ake son natsuwa. Haɗa akwatin katako da ya fi guntun faɗi da kamar yatsa biyu ta kowane gefe. Shimfiɗa yumɓu a ciki, danna guntun ya nutse daidai rabi, ka lallaɓa bakin yumɓun da wuƙa ya manne da jikinsa ba gibi. Sai ka dangwala 'yan ramuka da kan yatsa a kewaye. Su ne za su riƙe ɓari biyun mazubin kada su goce, kuma su ne abin da masu gaggawa suke mantawa, sai bindiga ta fito rabinta ya zarce rabi. Kafa guntun bututu a ƙarshen gindin don ƙofar zubi, da siririn tsinke a wuraren da iska za ta maƙale, musamman zoben da ke kare kunama.

Silikon ɗin zubi ruwa biyu ne da ake gaurayawa, ka bi awon da ke jikin gwangwani. Zuba shi daga sama, siriri kamar zare, a kusurwa ɗaya, ka bar shi ya bi jikin guntun da kansa don kumfa ta fashe. Bayan kwana ɗaya ka kifa akwatin, cire yumɓun, shafa basilin a duk fuskar silikon, sannan ka zuba ɗaya rabin. In ka manta basilin, silikon zai kama ɗan'uwansa, uwar ta zauna a ciki sai da reza. Akwai kuma yumɓun roba mai farar wuta a ciki, wanda yake hana wani nau'in silikon daskarewa, don haka gwada ɗan kaɗan tukuna.

Na san samun wannan silikon yanzu aiki ne. Wanda masu gilashi suke liƙi da shi, mai warin khal, yana yi. Kwaɓa shi da garin sitaci har ya daina kama hannu, ka danna shi a jikin guntun da sauri, sannan ka yi masa riga da jibis don ya tsaya. Ba ya ɗaukar ƙananan zane kamar wancan, amma mai kallo daga layi na uku ba zai gane ba.

Abin zubawa shi ne rezin, irin na masu gyaran faiba. Sa sandar katako ko siririn rodi a tsakiya kafin ka rufe mazubin, ɗaure da robar tiyub, ka zuba. Hancin ya zama toshe tun daga farko har ƙarshe, ba rami ko kaɗan. Ka yi aikin da sassafe, a waje, da safar hannu da abin rufe hanci. Zafin Gadarif na rana tsaka yana sa rezin ya kama tun yana cikin kofi, kuma shi kansa zafi yake fitarwa, in ka zuba mai kauri lokaci ɗaya sai ya tsage.

Fenti ba wuya. Wurin ƙarfe ka sa baƙi marar ƙyalli, in ya bushe ka kankare bakin fensir ka goga garin da tsumma a gefe-gefe, sai ya yi hasken tsohon ƙarfe. Wurin katako ruwan ƙasa, a bi shi da man takalmi.

In ta yi kyau, mai tsaron shinge da ya hango ta daga nesa ba zai tsaya tambayar ko ta roba ce ba. Saboda haka ku sanar da hukumar unguwa da 'yan sanda kafin ranar wasa, ku karɓi takarda. Ku ɗauke su a buhu, gindi daban hanci daban, a haɗa su a bayan fage. Ku shafa jan fenti a bakin kowacce. Mutum ɗaya ya ƙirga su bayan an tashi ya kulle, kada yaro ya fita da ɗaya titi don a yi masa hoto.

In silikon ya ƙi daskarewa a gwajin farko, rubuto min ka faɗi irin yumɓun da ka sa da sunan da ke jikin gwangwanin.