Kafin ka zuba jari a kifin pleco

Wani mai shagon kifin ado a Kano ya aiko da tambaya. Dila daga Legas ya yi masa tayin ƙananan pleco da araha, wai suna cinye gansakuka. Yana so ya sara da yawa, har ya riƙa sayar wa masu kiwon tarwada su zuba a tafkunansu. Ko akwai riba?

Malam, kafin ku shiga maganar farashi, tambayi dilan wane iri ne. Pleco dangi ne babba daga kogunan Kudancin Amurka. Jikinsu lulluɓe yake da sulken ƙashi, bakinsu kuma a ƙasa yake, yana kama gilashi kamar ƙahon wanzami. Mai arahar nan galibi irin da ake kira Pterygoplichthys ne, na yankin Amazon. Za ka sayar da shi yana santimita 5, amma yana iya kaiwa 40. Da ya girma sai ya fi ƙarfin akwatin gilashin da ake kiwonsa a ciki, ya cika ruwa da kashi, mai saye ya dawo maka rai a ɓace, ko ya je ya juye shi a rafi.

Wannan juyewar ce ta fi damuna. Kifin yana haɗiyar iska, don haka gurɓataccen ruwa ba ya kashe shi da sauƙi. Yana haƙa ramin ƙwai a gaɓa har ƙasa ta zabtare, ƙayoyinsa kuma suna yaga komar masunta. A madatsar Infiernillo ta Meziko ya durƙusar da sana'ar masu kamun karfasa. Bangaladash ta haramta shigo da shi da kiwonsa da sayar da shi a 2023. Saboda haka maganar tafkunan tarwada ka cire ta daga lissafi gaba ɗaya.

In kana son wannan layi, nemi irin plecon da ake kira Ancistrus, wanda namijinsa ke da tsiro-tsiro a hanci. Ba ya wuce santimita 15, yana aikin gansakuka sosai, kuma yana hayayyafa a akwati. Sa masa gutun bututu, mace ta zuba ƙwai a ciki, namiji ya zauna gadi har su ƙyanƙyashe. Ribar tana nan, domin ka huta da kuɗin mota da mace-macen hanya.

Fara da kaɗan, ka ware kuɗin injin hura wa ruwa iska da batir saboda ɗaukewar wuta, ka ga yadda za su jure zafin Afrilu kafin ka ƙara uwar kuɗi.