Kunne Ya Tambaya: Kundin Waƙoƙin da Kasuwa Ta Tsallake

Tambaya: Assalamu alaikum. Akwai wani matashin mawaƙi da ke rubuta waƙoƙinsa da kansa, shi ke ɗora musu kari, ya fitar da albam mai waƙa tara. Ba zan faɗi sunansa ba, kada a ce biyana aka yi in yi talla. Ni dai waƙoƙin sun shige ni, amma duk wanda na kunna wa a shago sai ya ce in canza, wai babu zafi. Kunnena ne ke da matsala ko nasu?
*Wani tela, Sabon Gari, Maradi*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a ɗora wa kunnen kowa laifi, a duba inda aka yi sauraron. Shagon ɗinki ne: keke na kuka, ƴan kabu-kabu na wucewa, mai kaya na tsaye yana ciniki. Waƙar da ke cin nasara a irin wannan wuri ita ce mai kiɗa a gaba da gajeren amshi mai dawowa a kai a kai, kuma don irin wurin aka ƙera ta. Mawaƙin da ke zama ya yi rubutu kuwa, yawanci a baiti na biyu da na uku yake zuba ƙarfinsa, su kuma abokanka ba su kai can ba suka ce a canza. Ba a ƙi kundin ba tukuna, ba a ji shi ba ne.

Amma kai ma kada ka yanke hukunci da jin daɗi kawai. Ka ba shi saurare uku a ranaku daban. Na farko, daga waƙar farko har ta ƙarshe a jerin da mai shi ya tsara, da ekuter a kunnuwa biyu, ba tsallake, ba duba saƙo. Waƙa tara za ta ci minti talatin da biyar zuwa arba'in da biyar. Na biyu na kalmomi ne, da biro da takarda. Na uku, ka manta da murya gaba ɗaya, ka bi kayan kiɗa guda ɗaya, misali bas, wato gitar nan mai kaurin sauti, ka ji ko yana tafiya da waƙar ko maimaici ne aka liƙa daga farko har ƙarshe.

Saurare na biyun shi ne ke tona asiri. Zaɓi waƙa ɗaya, ka rubuta kalmar ƙarshe ta kowane layi. Kusan duk kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, saboda haka amsa-amo da wasali kaɗai abu ne mai arha, kuma mafi arha shi ne a riƙa rufe kowane layi da "ki" ko "ni" har a gama. Gwani yakan riƙe baƙi da wasali tare, kamar "ra" ko "wa", da kalmomi mabambanta, ba tare da ya cusa kalmar da ba ta da aiki a wurin ba. Wanda ya sha rubutacciyar waƙa ma za ka ji yana da amsa-amo biyu, ƙarami a cikin baiti mai canzawa, da babba a layin ƙarshe na kowane baiti wanda ba ya canzawa, irin tsarin ƴar ƙwar biyar, wato waƙa mai layi biyar a kowane baiti.

Bayan nan sai ka gwada musanya baiti na ɗaya da na uku a zuciyarka. Idan ma'ana ba ta taɓu ba, to jerin maganganu ne aka tara, ba a yi gini ba. Idan ka ji abin ya rushe, akwai zaren da ke jan waƙar gaba. Ka kuma lura da amshi: a hannun gwani, kalmominsa ba sa canzawa, amma nauyinsa bayan baiti na uku ya fi na farko, domin abin da aka faɗa a tsakani ya ƙara masa ma'ana.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi raba mai rubuta wa kansa da wanda aka miƙa wa kiɗa aka ce ya hau. Hausa na da dogon wasali da gajere, tana da karin sama da na ƙasa. Idan mawaƙi ya ja gaɓar farko ta "gari" don ta cika kiɗa, ya bar maganar birni ya koma ta abin tuwo. Wanda ya gina kari da kalma lokaci guda yakan sa doguwar gaɓa a kan dogon sauti, shi ya sa ake gane maganarsa tun jin farko ba sai an nemi rubutu ba. Idan kundin mutuminka ya tsallake waɗannan gwaje-gwajen a waƙa biyar ko shida cikin tara, kunnenka lafiya lau. Idan a biyu kawai ya tsallake, to waƙa biyu masu kyau gare shi, ba kundi ba, kuma gara ka faɗa haka.

Tambaya: Na karɓo albam ɗin wata mawaƙiya a wurin masu tura waƙa a kasuwa. A wayar ƙawata muryar tana fita tas, a tawa kuma kamar daga cikin gwangwani, ga wani shi-shi a kan kiɗan. Ta ce don ta Xender aka tura min ne. Haka ne?
*Wata ɗaliba, Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo*

Amsa: A'a, Malama. Xender da Bluetooth kwafar fayil suke yi yadda yake, ko sau ɗari aka tura ba ya raguwa. Lalacewa na faruwa ne idan aka sake matse sautin: a ciro shi daga bidiyo, ko a ɗauko daga status na WhatsApp, ko mafi muni a kunna a wata waya a naɗa da saƙon murya, wanda don magana aka tsara shi ba don kiɗa ba.

Girman fayil zai gaya miki gaskiya. Waƙar minti huɗu a MP3 mai 128 kbps, wato ma'aunin yawan bayanan sauti a kowace daƙiƙa, takan kai kusan MB 3.8. A 320 kbps, MB 9.6. Idan kika ga taki ta tsaya a MB 2 ko ƙasa, 64 kbps ce ko abin da bai kai ba, kuma daga nan shi-shin yake. Ainihin abin da ke fita daga sitidiyo, wato WAV mai ingancin CD, yakan haura MB 40 a waƙa ɗaya. MP3 na samun ƙanƙanta ne ta zubar da abin da yake ganin kunne ba zai nema ba, kuma daga sama yake fara yanka. A 128 yawanci abin da ya haura hertz 16,000, wato sauti mafi siriri, ya tafi. Ƙasa da haka sai kacau-kacau da harafin "s" da numfashin mawaƙiya su fara narkewa. Waƙar rawa na jure wannan. Waƙa mai sanyi, murya da gita ko fiyano kawai, ita ce ke shan kashi, domin babu ganga da za ta rufe ɓarnar.

Hattara da dabarar da wasu ke yi, su ɗauki mai 64 su juya ta zuwa 320. Fayil zai kumbura, sauti ba zai dawo ba. Shayin tafasa ta uku ne aka zuba a babban kofi. Mafita ita ce ki sa ƙawarki ta turo miki nata fayil ɗin kai tsaye, idan ta WhatsApp ne a matsayin dokima. Waƙa tara masu minti huɗu-huɗu a 320 ba za su wuce MB 90 sosai ba.

Ko da fayil ya yi kyau, lasifikar waya ba za ta ba ki rabin abin ba. Igiyar bas mafi kauri tana kaɗawa ne a hertz 41, ita kuwa ƴar lasifikar waya sai sauti ya kai ɗaruruwan hertz take fara fitar da shi da kyau. Sa ekuter a kunne ɗaya, ko raba shi da ƙawa, shi ma asara ne, domin a sitidiyo akan ajiye wasu muryoyin amshi da kayan kiɗa a hagu, wasu a dama. Kuma kada neman daɗi ya sa ki ƙure ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum na iya jure ƙarar da ƙarfinta ya kai desibel 80 na awa 40 a mako, amma a desibel 90 awa 4 ne kacal.

Tambaya: Rediyona mai cin memori yana hargitsa min jerin waƙoƙi. Yaya zan yi?
*Wani mai karatu, Tibiri*

Amsa: Da yawa daga ƙananan rediyoyin nan ba sa duba lambar waƙa da ke cikin fayil, jerin da aka kwafe su a katin suke bi. Buɗe sabon folda, ka sa wa sunayen 01, 02, har 09, da sifili a gaba, ka kwafe su ɗaya bayan ɗaya, ba a dunƙule ba. Idan kuma waƙa na yankewa a tsakiya bayan kati ya ɗan cika, zargi katin. Akwai na jabu da aka rubuta wa girman da ba su da shi.

Tambaya: Yayana ya ce duk mawaƙan yanzu kwamfuta ce ke yi musu waƙa, babu batun baiwa. Ta yaya zan gane mai murya ta gaskiya?
*Wani matashi, unguwar Zariya*

Amsa: Yayanka na da rabin gaskiya, ƙanenmu. Auto-Tune, abin gyara murya na kwamfuta, ya fito tun 1997, kuma aikinsa ɗaya ne: ya jawo sautin da ya kauce zuwa matakin da ya fi kusa da shi. Yana da maɓallin saurin gyara. Idan aka kai shi sifili, murya na tsalle daga mataki zuwa mataki ba tare da gangara ba, shi ne amon ƙarfen nan da ya cika waƙoƙin finafinai. Idan aka sassauta shi, da wuya ka san yana nan. Inda ake ɓarna shi ne mai haɗa sauti ya zaɓi ma'aunin da ba na waƙar ba, sai ka ji murya na rawa tsakanin sauti biyu a ƙarshen layi kamar ba ta san inda za ta sauka ba. Wannan laifin sitidiyo ne, ba lalle na mawaƙi ba.

Abin da na'urar ba ta iyawa ya fi yawa. Ba ta rubuta baiti, ba ta san inda ya kamata a ja numfashi ba, ba ta sassauta murya a kalmar da ke da ciwo. Saurari inda yake numfashi: a ƙarshen magana ne ko a tsakiyar kalma? Saurari dogon sauti a ƙarshen baiti, ko yana riƙe shi da ƙarfi ɗaya har ya sauke shi da gangan. In kana son shaida ta ƙarshe, nemi bidiyon da ya rera a gidan rediyo ko a wurin biki ba tare da kiɗan sitidiyo ba. Minti ɗaya ya isa.

Tambaya: Kundin da ya yi shekara biyu bai karɓu ba, yana iya tashi kuma? Mu masu sonsa me za mu yi?
*Wata malamar makaranta, Tasawa*

Amsa: Yana iyawa, Malama, ko da yake ba kullum ba. Sixto Rodriguez, mutumin Detroit a Amurka, ya fitar da kundinsa na farko a 1970, bai yi kasuwa a ƙasarsa ba, ya koma aikin ƙarfi. Kwafin kundin kuwa ya riƙa yawo hannu da hannu a Afirka ta Kudu har ya zama sananne bai sani ba, sai a 1998 ya je can ya rera a gaban dubban mutane. Masu saurare ne suka yi wannan aikin, ba kamfani ba.

A nan wajenmu dalilan nutsewar kundi sanannu ne. Kunnen Maradi ya saba da abin da ke shigowa daga Kano ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa, waƙar da ba ta hau fim ba kuma ba ta da bidiyo tana farawa ne daga baya. Wani ya saki aikinsa dab da azumi, lokacin da aka ajiye kiɗa, kafin salla ta wuce an yi sabbi. Wani ya faɗa cikin kakar siyasa. Wani kuma babu waƙa ko ɗaya a kundinsa da mai kiɗan biki zai iya sa wa ƴan mata su taka, alhali biki ne babbar kasuwar waƙa.

Abin yi kaɗan ne amma yana aiki. Kada ki tura wa mutum waƙa tara a lokaci guda, ba zai buɗe ba. Zaɓar masa ɗaya da ta dace da halinsa, ki gaya masa ya jira baiti na biyu. A shirin zaɓi-sonka na gidajen rediyon gari, ki nemi waƙar da sunanta da sunan mai ita, in mai gabatarwa ya ce ba shi da ita a kai masa fayil mai kyau. Gyara sunan fayil kafin ki tura, domin waƙoƙi da yawa na yawo a memori da lamba kawai ko da sunan shagon da ya tura su, a ji daɗinsu ba a san na wane ne ba. Idan mawaƙin na da shafinsa a YouTube ko Audiomack, a saurara a can maimakon shafin wanda ya kwafa, don ƙidayar ta tafi gare shi. Idan kuma kina da hanyar isa gare shi, ki tambaye shi ko ya yi wa waƙoƙin rajista a BNDA, hukumar kare haƙƙin mawallafa ta Nijar, tun kafin wani ya ɗauki amshin ya ɗora a kan kiɗan rawa.