Amsa ga Hajiya mai turare kan allon samfurin tambari

Assalamu alaikum jama'ar gida. Hajiya, na ji saƙonki, inda kika ce mai zanen da zai yi miki tambarin turaren wuta da humra ya ce ki fara haɗa masa allon hotuna a intanet, ke kuma kina tambaya me za a zuba a ciki, kuma a ina ake yi. To bari in yi miki murya, rubutu zai yi tsawo.

Da farko, mutumin nan ya san aikinsa. Kamar kai wa tela ɗinki ne. In kika ce a yi miki mai kyau kawai, abin da ke kansa zai ɗinka, amma in kika kai samfuri kika ce wannan wuyan nake so, ban da wannan hannun, an gama magana. Aikin allon ke nan.

Wajen yi ba shi da wahala. Ki sauke Pinterest, manhajar tara hotuna, kyauta ne, ki buɗe allo ki mayar da shi na sirri, sai ki gayyaci mai zanen shi kaɗai. Canva ma, manhajar yin zane, yana yi, kuma shi na fi so a zagaye na biyu, zan faɗi dalili.

Amma don Allah kar ki fara da Pinterest ɗin. Nan ne nake so ki saurare ni da kyau. Shi Pinterest, duk abin da kika ajiye, irinsa zai riƙa turo miki. Kin ajiye baƙar kwalba mai rubutun gwal guda ɗaya, to shi ke nan, sai ya cika miki waya da su. Ki duba masu turare a Instagram yanzu, daga Kano har Maiduguri: baƙi da ruwan gwal, da kambi a sama, kowa yana son ya yi kama da kayan Dubai. Mace ta sayi turare ta ji daɗinsa, bayan wata biyu ta kasa tuna na wace ce. Wannan abin yana damuna wallahi, don turaren matanmu ya fi ƙarfin a ɓatar da shi a cikin taro.

Ki fara da wayarki, a ɗakin da kike haɗin. Da hantsi, kusa da taga, ki ɗauki hoton itacen sandal bayan ya sha mai, yadda yake yin duhun ja-ja ɗin nan yana sheƙi. Ki ɗauki kajiji a faranti, da kaskon ƙasa da garwashi ya fara yin toka a bakinsa, da kalar humrar kanta a kwalba in haske ya ratsa ta. Ki ƙara da lafayar da kwastomominki suka fi ɗaurawa, da zanen lalle. In kina son shuɗi, ga na marinar Ƙofar Mata, shuɗin baba mai duhu wanda ba ya kama da na kowa. Waɗannan ba wanda yake da su a allonsa sai ke.

Sannan ki zauna ki rubuta kalmomi uku kacal a saman allon, game da wadda kike sayar wa. Amarya ce? Uwargida ce mai saye duk wata? Ko 'yan jami'a ne masu son ƙaramar kwalba ta jaka? Ba ɗaya ba ne, kin gane. Bayan haka sai ki shiga Pinterest ki nemo siffar kwalba, kwali, da salon rubutu. Ki tara da yawa, ba laifi, amma washegari ki dawo ki yi ta cirewa har ya rage kamar 12 zuwa 15. Duk hoton da ba za ki iya faɗin dalilin ajiye shi ba, ki cire, ko da ya fi kowanne kyau. Wanda ya rage kuma ki rubuta a ƙarƙashinsa: nan murfin nake so, nan kalar kawai. Ki ware gefe ɗaya ma na abin da ba kya so, yana rage wa mai zane wahala sosai.

Yauwa, Canva. In kika ɗora hotonki a ciki, da kansa yake fito miki da kalolin da ke hoton, kowace da lambarta, alamar # da haruffa ko lambobi shida. Ki zaɓi babbar kala ɗaya, da biyu masu taya ta, ki rubuta lambobin. In kika ce ruwan ƙasa da baki, ruwan ƙasa ya fi kala goma. Kuma ki riƙe babbar nan gam. MTN sun sauya tambarinsu a 2022 amma ruwan ɗorawarsu yana nan, shi ya sa ko daga nesa kika hango laima kin san ta waye.

Abu biyu da suke ba mutane ciwon kai a wajen bugawa. Ruwan gwal da kike gani yana ƙyalli a waya, injin buga takarda na yau da kullum ba ya fitar da shi, sai ya fito kamar kalar kori. Mai ƙyallin sai an manna masa foyil, wato siririn fallen nan mai sheƙi, kuɗinsa daban. Na biyu, in sunan kayanki yana da ƙ ko ɗ ko ɓ, misali Ƙamshi, ki sa a gwada salon rubutun tun yanzu, don da yawa ba su da haruffanmu masu lanƙwasa, sai ki ga akwati ya fito a wurin harafin. Salon rubutun da ake kira Noto Sans da Andika suna da su.

Hotunan mutane da kika tara kuwa na dubawa ne kawai, kar a ɗauko tambarin wani a sauya suna. Kuma in zai yi sitika, ki ce ta roba, don ta takarda da mai ya taɓa ta rubutun ya dame.

Ki fara da hotunan ɗakin nan gobe in Allah ya kai mu. In kin haɗa, ki turo min ta gefe in duba kafin ki tura masa. Allah ya sa albarka a kasuwa, Hajiya.