Tambaya da Amsa: Ina Turawa Suka Samo Hauren Giwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni ɗalibi ne a Danfodiyo ina zaune Mabera. Na ga hoton wani ɗan mutum-mutumi na Nana Maryamu ɗauke da Annabi Isa (AS) yana jinjiri, an ce da hauren giwa aka sassaƙa shi a Faransa shekara 700 da wani abu. To su da ba giwa a ƙasarsu ina suka samo haure, kuma mi ya sa ta karkace gefe guda haka?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Hauren nan namu ne na Afirka, tun wajen 1250 ya riƙa shiga Turai da yawa, wani ta gabashin Afirka ya bi Bahar Maliya zuwa Iskandariyya, wani kuma masana na ganin ayarin raƙuma ne suka ƙetaro Sahara da shi, irin dai hanyar da jar fatar ƙasar Hausa ta bi daga baya. Kafin nan masassaƙan arewacin Turai da haƙorin wata dabbar ruwan ƙanƙara suke maneji, shi ko ba ya da kauri.

Birnin Faris, babban birnin Faransa, shi ne cibiyar aikin a ƙarni na 13 da na 14. Kiristoci masu hali suke saye don addu'arsu ta cikin ɗaka, akwai mai allo biyu da ke rufewa kamar littafi mutum ya tafi da abinsa ko ina, har fenti da ruwan zinariya suke sa masa.

Batun karkacewa kuwa shi ya fi burge ni wallahi. Haure ai a lanƙwashe Allah Ya halicce shi, ga tsada, masassaƙi ba zai yarda ya fere rabi ya zubar ba, sai ya bi lanƙwasar ya sa uwar ta turo ƙugu kamar yadda kake ganin mace ta saɓa yaro a kwiɓi, salon da ake yayi a lokacin ma ya zo daidai da haka don har na dutse suna yi masa wannan tsayuwar. Mutum-mutumin hauren da aka fi sani shi ne na cocin Sainte-Chapelle da ke Faris, an yi shi wajen 1260, tsawonsa santimita 41, yana gidan tarihi na Louvre a birnin yanzu.

Amma don Allah kar wani ya tallata maka haure ka saya, tun 1989 aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe, giwayen da suka rage mana a Yankari ma ba su da yawa.