Tambayoyin Masu Karatu: Ko gwamnan jiha zai iya ƙulla yarjejeniyar ciniki da Nijar?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mai sayen dabbobi ne a kasuwar Maigatari, ina loda su zuwa Kudu. Tun da Nijar ta fita daga ECOWAS hankalinmu bai kwanta ba, domin da yawa daga cikin shanu da raƙuma da ragunan da muke saye daga can suke shigowa. Na ji a rediyo cewa da Birtaniya ta fita daga Tarayyar Turai, wani yankinta ya samu tsarin ciniki na daban saboda yana bakin iyaka. Shin gaskiya ne? In haka ne, me zai hana gwamnatin Jigawa ta zauna da hukumomin Damagaram su yi mana namu tsarin?
Daga wani mai karatu a Maigatari, Jihar Jigawa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin da ka ji gaskiya ne, amma ba gwamnatin yankin ce ta ƙulla tsarin ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi shafar tambayarka.

Birtaniya ƙasa ɗaya ce mai sassa huɗu: Ingila, da Sikotlan, da Wels, da Ailan ta Arewa. Tun ƙarshen shekarun 1990 ukun ƙarshe suna da majalisun dokokinsu da gwamnatocinsu, waɗanda aka sakar wa harkokin noma da lafiya da ilimi da muhalli, yayin da Landan ta riƙe tsaro da hulɗa da ƙasashen waje da ƙulla yarjejeniyar ciniki. Abin ya yi kama da gidan gandu: kowane ɗa yana da gayaunarsa, yana shuka abin da ya ga dama, amma maganar sayar da amfanin gandu da ma'amala da maƙwabta tana hannun maigida. A ƙuri'ar raba gardama ta ranar 23 ga Yuni, 2016, kusan kashi 52 cikin ɗari na masu zaɓe suka zaɓi fita daga Tarayyar Turai. Sai dai a Sikotlan kashi 62 suka ce a zauna, a Ailan ta Arewa kuma kusan kashi 56. Yawan jama'ar Ingila ya rinjayi kowa, ƙasar ta fita gaba ɗayanta ranar 31 ga Janairu, 2020.

Yankin da ka ji labarinsa shi ne Ailan ta Arewa. Ita ce ke da iyakar tudu da Jamhuriyar Ailan, wadda ta ci gaba da zama cikin Tarayyar Turai, iyaka mai tsawon kusan kilomita 500 da mashigai fiye da 200, inda manomi zai kwana a wannan ƙasa, gonarsa tana waccan, madarar da aka tatsa a arewa kuma a sarrafa ta a kudu. An shafe kimanin shekara 30 ana zubar da jini a yankin, mutum fiye da 3,500 suka rasa rayukansu, kafin yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998. Kowa ya san idan aka sake kafa shingen kwastan a kan wannan iyaka za a tono tsohon miki. Saboda haka Landan da Tarayyar Turai suka yarda cewa Ailan ta Arewa za ta ci gaba da bin dokokin Turai a kan kayayyaki, binciken kuma a mai da shi tashoshin jiragen ruwa irin su Belfast da Larne, wato a kan kayan da ke fitowa daga sauran sassan Birtaniya.

Tsarin bai zo da sauƙi ba. Ɗan kasuwar da ke kai nama ko tsiron shuka daga Ingila zuwa Belfast ya wayi gari yana cike takardu kamar mai kai kaya ƙasar waje, alhali cikin ƙasarsa yake. Jam'iyyar DUP, wadda ke kishin zama cikin Birtaniya, ta janye daga gwamnatin yankin a watan Fabrairu na 2022, aka yi shekara biyu babu gwamnati mai aiki. A Fabrairun 2023 Firaminista Rishi Sunak da shugabar Hukumar Tarayyar Turai Ursula von der Leyen suka yi wa tsarin kwaskwarima a garin Windsor na Ingila: kayan da za su tsaya a Ailan ta Arewa su bi layi mai sauƙin bincike, waɗanda za su iya wucewa Jamhuriyar Ailan su bi layin cikakken bincike, aka kuma ba 'yan majalisar yankin hanyar ƙalubalantar sabuwar dokar Turai idan mutum 30 daga jam'iyyu biyu suka sa hannu. Sai a Fabrairun 2024 gwamnatin ta dawo. A duk wannan kai-komo, hannun da ke riƙe da alƙalami na Landan ne. Abin da 'yan siyasar yankin suka yi shi ne matsa lamba har aka saurare su.

Sikotlan kuwa, duk da cewa ita ta fi kowa ƙin fita, ba ta samu wani tsari na musamman ba, domin ba ta da iyakar da za ta tayar wa kowa hankali. Manomanta masu noman irin dankali, waɗanda suka saba sayarwa a Turai, aka rufe musu wannan kasuwa daga farkon 2021. Sannan majalisar Landan ta yi dokar kasuwar cikin gida a 2020, wadda ta ce kayan da aka halatta sayarwa a wani sashe na ƙasar ba za a hana shi shiga wani sashe ba. Majalisun Sikotlan da Wels sun ƙi amincewa da ita, suna cewa an ƙwace musu iko ta bayan gida, amma aka zartar da ita. A ganina wannan ne ɓangaren labarin da ba a cika faɗa a rediyo ba: ikon da ya dawo daga Turai ya fi taruwa a babban birni fiye da yadda yankuna suka zata.

Akwai kuma darasin da ya shafi sana'arka kai tsaye. Yarjejeniyar cinikin da Birtaniya da Turai suka kammala a Disambar 2020 ta ce babu harajin fito a kan kayan da asalinsu na ɓangarorin biyu ne, amma hakan bai hana takardar shaidar asalin kaya da ta likitan dabbobi da jiran layi a tasha ba. Babban kamfani yana da ma'aikatan da za su yi masa wannan aiki. Ƙaramin ɗan kasuwa shi ya fi jin jiki, kuma kai ka san abin da kwana ɗaya na tsaiko ke yi wa tirela cike da shanu a cikin zafin bazara.

To, mu dawo gida. A tsarin mulkin Najeriya na 1999, kwastan, da shige da fice, da ciniki tsakanin Najeriya da wasu ƙasashe, da hulɗar ƙasashen waje, duk suna cikin jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke da iko a kansu. Gwamnan Jigawa ba shi da ikon buɗe iyaka ko rufe ta, ba shi da ikon rage harajin fito, kuma yarjejeniya da wata ƙasa ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta mai da ita doka, kamar yadda sashe na 12 ya tanada. Mutanen Maigatari sun ga haka da idonsu sau biyu. A Agustan 2019 gwamnatin Shugaba Buhari ta rufe iyakokin tudu har zuwa Disambar 2020, sannan bayan juyin mulkin da aka yi wa Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, 2023, aka sake rufewa ƙarƙashin takunkumin ECOWAS har zuwa Maris na 2024. Babu wanda ya nemi izinin wata majalisar jiha. A ɗaya ɓangaren ma hannun gwamnan Damagaram ya fi na namu ɗaurewa, domin Nijar ba tarayya ba ce, daga Yamai ake naɗa shi. Lokacin da Nijar ta hana fitar da hatsi a 2024, da kuma dabbobi gab da babbar sallah a 2025, daga Yamai umarnin ya fito.

Wannan ba ya nufin gwamnatin jiha ta naɗe hannu. Kasuwar kanta, da karar dabbobi, da rijiyoyin shayarwa, da likitocin da ke duba lafiyar dabba da yi mata rigakafi, da hanyoyin da suka haɗa ƙauyuka da Maigatari da Gumel, duk suna hannun jiha da ƙananan hukumomi. Haka ma yawan kuɗin shiga da ake karɓa a kan kowane kan dabba, wanda sau da yawa shi ne ke korar bafatake zuwa wata kasuwa. Gwamnonin Jigawa da Katsina da Sakkwato da Kebbi da Zamfara da Yobe da Barno, waɗanda suka raba iyakar da ta kai kimanin kilomita 1,500 da Nijar, za su iya haɗa murya su nemi a riƙa jin ta bakinsu kafin Abuja ta yanke hukunci. Akwai ma tsohuwar hukumar haɗin gwiwa ta Najeriya da Nijar da aka kafa tun 1971, wadda ba ta dogara da ECOWAS ba, kuma nan ne ya fi dacewa ƙungiyoyinku na 'yan kasuwa da dillalai su kai kokensu a rubuce, ta hannun gwamnati da masarautu. Ganawar gwamna da gwamna a kan tsaro da kiwo da satar dabbobi abu ne da aka saba, kuma yana da amfani, in dai ba a ɗauke ta a matsayin yarjejeniyar kwastan ba.

TAMBAYA: Ina sayen ridi da wake a ƙauyukan Nijar ina kaiwa Dawanau. Shin yanzu sai na nemi biza?
Daga wani mai karatu a Ɓaɓura.

AMSA: Malam, ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata ranar 29 ga Janairu, 2025, shekara guda bayan sun sanar. A lokacin ECOWAS ta umarci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanen ƙasashen uku, su bar su su shiga ba biza, su kuma ci gaba da ba kayansu rangwamen da aka saba har sai an sake sanarwa. Ƙasashen uku su ma sun ce ƙofarsu a buɗe take ga 'yan ECOWAS. Ka lura dai cewa wannan sanarwa ce daga kowane ɓangare, ba yarjejeniyar dindindin ba, don haka ana iya sauya ta cikin ɗan lokaci. Muritaniya ta fita daga ƙungiyar a 2000, kuma sai a 2017 ta sa hannu a kan yarjejeniyar hulɗa da ita, wato irin wannan tattaunawa tana ɗaukar shekaru. Ka riƙe ingantacciyar takardar tafiya, kuma kafin ka zuba kuɗinka a kan buhunan wake, ka tabbatar a ofishin kwastan na ɓangaren Nijar cewa ba ya cikin kayan da aka hana fitarwa a wannan lokacin.