Wace unguwa zan sauka a Venice da Hajiyarmu?

Tambaya: Assalamu alaikum. A watan Nuwamba zan kai Hajiyarmu Venice ta Italiya kwana uku, kuma tana fama da ciwon gwiwa. Ejan ya ce mu kama otal kusa da San Marco, babban dandalin garin, wai tasi zai sauke mu a bakin ƙofa. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ku sauka a unguwar Cannaregio, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Santa Lucia, ko a unguwar Santa Croce daf da Piazzale Roma, wato tashar motoci. Idan kuɗi ne damuwa, akwai Mestre da ke kan tudu a wajen tsohon garin, tafiyar kamar minti 10 a jirgin ƙasa.

Maganar tasin nan kuwa na gaji da jin ta. Wane tasi? Mota ba ta shiga tsohon garin. Iyakarta Piazzale Roma, daga nan sai ƙafa ko jirgin ruwa. Ejan yana zaune a ofis da fanka a kansa, ya buɗe taswira ya ga mita 600, ya ce ai nan da nan ne. Taswira ba ta nuna masa matakala. Garin yana da gadoji sama da 400, kusan duk hawa da sauka ne, kuma kai za ka ɗaga akwatunan da hannunka, Hajiya tana dafe da bango tana haki. Na sha ganin dattawa zaune a kan akwati a gindin gada, 'ya'yansu na ta juya waya, domin lambar gida a Venice ta unguwa ce gaba ɗaya, ba ta layi ba, sai ka ga ta haura 5,000. Tasin ruwa akwai, amma daga filin jirgin Marco Polo ya wuce yuro 100, shi ma ba kowace ƙofa yake kaiwa ba. Wanda bai taɓa taka garin ba ya daina yanke wa tsofaffin mutane hukunci.

Ga kuma ruwa. Dandalin San Marco ne ya fi ko'ina kwari, kuma Nuwamba lokacin tumbatsar teku ne. Ranar 12 ga Nuwamba 2019 tumbatsar ta kai santimita 187 a ma'aunin teku. Shingen tare ruwan teku mai suna MOSE da ya fara aiki a 2020 ya rage abin sosai, amma ƙaramar tumbatsa har yanzu takan jiƙa dandalin.

Kafin ka biya ko sisi, rubuta wa otal ɗin da kanka. Tambaye su gada nawa ce tsakaninsu da tashar vaporetto mafi kusa, wato bas ɗin ruwa, sannan ko suna da lif, don yawancin tsofaffin gidajen ba su da shi. In sun ce ɗakin yana "primo piano", to bene ne. San Marco kuma ku je ta da vaporetto mai lamba 1, ku sama wa Hajiya kujera ta kalli Grand Canal, babbar hanyar ruwan da ta ratsa garin, a zaune.