Abokiyar zamana ta dafa naman alade a tukunyata ta lantarki: sai na jefar da ita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Gida ɗaya nake zaune da wata wadda ba Musulma ba, kicin ɗinmu ɗaya. Ina da tukunyar lantarki irin mai dahuwa a hankali. Da na yi tafiya sai ta ɗauka ta dafa naman alade a ciki, ya kwana yana dahuwa. Ita da kanta ta gaya mini. Wata ƙawata ta ce sai na wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa, wata ta ce in jefar. Tukunyar ta ɗan tsufa, cikinta har ya yi ƙananan layuka kamar tsaga. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Haramcin naman alade da najasarsa ba abin da zan tsaya kawo miki hujja a kai ba ne, kin sani. Abin da ya tsayar da ni a tambayarki shi ne maganar da kika jefa a ƙarshe kamar ba komai ba, wato layukan nan. Hukuncin a kansu yake.

Irin wannan tukunya yawanci cikinta tangaran ne, yumɓu da aka gasa aka lulluɓe da shafe mai santsi kamar gilashi. Muddin shafen yana nan lafiya, maiƙo a samansa yake tsayawa, wanki ɗaya mai kyau ya tsarkake ta. Malaman Malikiyya sun ce tukunyar ƙasa idan najasa mai ratsawa ta shige cikinta ba ta tsarkaka da wanki, haka Shehu Halilu ya faɗa a Muhtasar, amma masu sharhi sun fitar da ƙarfe da gilashi da tangaran mai shafe daga wannan hukunci, domin ba sa shan abin da aka zuba musu. To idan shafen ya tsattsage, yumɓun da ke ƙarƙashi ya buɗe. Kitse kuma ya yi awa takwas ko goma yana narkewa a kansa da zafi, ba wuta mai ƙarfi ba ce da za ta ƙone shi, dahuwa ce mai ba shi lokacin shiga duk inda ya samu hanya.

Don haka ki duba da kyau a cikin haske. Ki bi layukan da farce. Idan zane ne kawai na cokali a sama, babu komai. Idan farcen yana maƙalewa, ko layukan sun yi duhu, ki wanke ta, ki cika da ruwan zafi ki rufe na ɗan lokaci. Kin ga maiƙo ya taso ko ƙarni ya dawo, to ta sha. A nan ki bar wannan kwanon na ciki, ki nemi wani, ana sayar da shi shi kaɗai ga wasu samfura. Abu Yusuf, almajirin Abu Hanifa, ya sauƙaƙa a irin wannan, ya ce a wanke a busar har sau uku, kuma wanda ba shi da halin sauyawa zai iya bin wannan. Amma ko don lafiyarki, tangaran da ya tsage ba abin ci gaba da girki a ciki ba ne. Gangar ƙarfen da ke ɗauke da wutar goge ta kawai za ki yi da jiƙaƙƙen tsumma, kada ki tsoma ta a ruwa. Murfin kuwa kada ki raina shi, tururi a jikinsa yake taruwa ya ɗigo cikin abinci. In yana da roba a baki, ki cire ta ki wanke ta daban.

Maganar wanki bakwai da ƙasa kuwa, ƙawarki ba ƙirƙira ta yi ba. Ra'ayin Shafi'iyya da Hambaliyya ne, sun yi kiyasin alade a kan kare, suka ce tunda ya fi kare muni ya fi cancantar tsanani. Ina girmama su, amma hujjar ba ta tsaya ba. Hadisin wanki bakwai a kan kare ya zo, idan ya sa baki a ƙwarya. Alade ba baƙon abu ba ne ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Alkur'ani ya ambace shi da suna. Kuma an yi masa tambayarki kusan kalma da kalma. Abu Sa'alaba al-Hushani ya ce suna maƙwabtaka da Ahlul Kitabi masu dafa alade a tukwanensu, kamar yadda ya zo a ruwayar Abu Dawuda. Amsar ita ce in sun sami wasu tukwanen su yi amfani da su, in ba su samu ba su wanke da ruwa su ci. Bai ambaci adadi ba, bai ambaci ƙasa ba, alhali mai tambaya yana buƙatar bayanin a lokacin. Haka ranar Haibara, shekara ta 7 bayan hijira, da aka dafa naman jakunan gida Annabi ya ce a zubar a fasa tukwanen, wani ya ce ko a zubar a wanke, ya ce ko hakan. Sannan adadin bakwai da haɗa ƙasa abu ne na bauta da hankali bai gano dalilinsa ba, irin wannan kuwa ba a ɗora wani abu a kansa da kiyasi. Batun cewa alade ya fi muni ma, mushe da jini aya ɗaya ta haɗa su da shi, kuma su kansu Shafi'iyya ba su ce a wanke su sau bakwai da ƙasa ba. Imamu Nawawi, wanda jigo ne a mazhabar, ya ce abin da hujja ta rinjayar shi ne wanki ɗaya ba tare da ƙasa ba ya isa. Ƙari a kan haka, dirza tangaran da yashi yana iya karce shafen da yake kare miki tukunyar.

Yadda za ki wanke: sabulu da ruwan zafi har maiƙo ya fita, sannan ki ɗauraye da ruwa tsantsa. Ɗaurayar nan ce tsarkin. Cokalin katako da soson da ta yi amfani da su, sauya su ya fi sauƙi.

Saura abokiyar zamanki. Wadda ta zo da bakinta ta gaya miki ba mai son cutar da ke ba ce, kada ki sa ta yi nadamar faɗin gaskiya. Ki yi mata bayani a natse, ki ware kayan girkinki a wuri ɗaya, ki sa musu alama. In ta roƙe ki watarana ki kunna mata tukunya ko ki juya mata naman, ki ba ta haƙuri, wannan bai halatta gare ki ba. Abin da kika ci a baya ba da sani ba babu laifi a kanki. Kuma kada ki fara zargin kowane faranti da kowace ƙofar firiji, asalin abubuwa tsarki ne har sai kin ga najasa da idonki ko an tabbatar miki.

Allah ne mafi sani.